Yarinyar da Ta Ɗauke Mini Tabarau

Na ajiye aikin koyarwa ana gab da buɗe babban taron ƙasa a Yamai, bayan na yi fiye da shekara talatin ina riƙe da alli, rabinsu ina diraktan lakwal, wato makarantar boko. Na koma gidana da ke unguwar Zariya a Maraɗi da niyyar in zauna in karanta littattafan da aiki ya hana ni buɗewa. Abin da na tarar da kaina ina yi shi ne sauraron rediyo da kallon titi. Jam'iyyu sun fito, kowace da tutarta da motarta mai lasifika. Malamai suna yajin aiki, ɗalibai manya suna yajin karatu, hukuma tana ba da haƙuri. A haka aka kai ga shekarar da aka rufe makarantu ba a yi jarrabawa ba, wadda muke ce wa farar shekara. Lakwal ɗin da na shugabanta tana nan bayan gidana kaɗan, kuma da idona na ga awaki kwance a ajin da nake koyar da lissafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙananan yara. Wanda ya yi aikina ya san cewa akwai shekarun da baƙi yake shiga kan yaro cikin sauƙi, kuma idan shekarun nan suka wuce yana bin motar 'yan siyasa don a jefa masa hula, da wuya ya dawo. 'Ya mace kuwa, da zarar an ɗora mata farantin talla, an gama magana.

Wata safiya aka yi mini sallama a zaure. Wata mata ce matashiya, da jaka a kafaɗa da takardu a hannu. Sai da ta durƙusa ta gaishe ni na gane ta: ɗalibata ce ta dā, wadda na taɓa ba kyautar iya rubutu. Yanzu tana aiki da wata ƙungiya da ke samun taimako daga Turai.

Ta kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe dirakta, mun zo da wani shiri ne. Yara suna zaune ba lakwal, tsofaffi suna zaune ba mai zuwa wurinsu. Muna so mu haɗa su. Sau biyu a mako, da hantsi, a filin tsohuwar lakwal ɗinku. Kowane tsoho da yaransa. Za a ce da shi Kaka, su kuma jikokinsa ne."

Na ce, "Mi tsohon zai koya masu?"

"Tatsuniya, tarihin gari, sana'ar hannu. Abin da takarda ta ce ke nan."

"Ɗiyata, ni ban iya tatsuniya ba. Karatu na iya. Idan an ba ni yara, karatu zan koya masu."

Ta ce, "Takarda ba ta ce haka ba. Amma abin da kuka yi a ƙarƙashin bishiyarku, ba ni da niyyar leƙawa."

A kan wannan muka shirya.

Mu tsofaffin ba mu da yawa. Akwai wani tsohon maƙeri da ake ɗauko shi daga Tibiri, akwai masu saƙar tabarma biyu, akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane daga Jiratawa, wadda take zuwa a bayan kabu-kabu da ƙunshin yumɓu a cinya. Ranar farko aka tara yaran aka ce kowa ya zaɓi kakansa. Waɗanda suka zo wurina yawancinsu iyayensu ne suka tura su, domin iyayen sun bi ta hannuna. Yarinya ɗaya ce ta zo da ƙafarta. Ba za ta wuce shekara tara ba, siririya, da giɓi a gaba. Uwarta tana tuyar ƙosai a Sabon Gari, kuma ta yarda ta ɗage mata tallan safiya a ranakun nan biyu saboda ana ba yaran kunu kafin a tashi. Yarinyar ta tsaya a gabana ta dube ni daga hula zuwa takalmi, kamar mai tayin rago, ta ce, "Wannan nike so."

Na buɗe tsohon akwatina na fito da alluna baƙaƙe da guntayen alli da na adana. Muka fara daga wasula. A tsawon aikina na koyar da yara da ba zan iya ƙidayawa ba, kuma waɗanda suka kai wannan yarinya saurin ɗauka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Zama uku ta gama wasula. Kafin wata biyu tana haɗa gaɓoɓi, tana karanta abin da aka rubuta a jikin motocin da ke wucewa, har tana gyara wa yaran da suka yi aji ɗaya kafin a rufe lakwal. Na ƙudura a raina cewa ranar da aka sake buɗe makarantu, da kaina zan kama hannunta in kai ta, in sa a ɗauke ta a aji biyu. Ina da sauran mutunci a wurin malamai da zai isa wannan.

Abu ɗaya ne ya tsaya tsakanina da ita, shi ne bakinta.

"Kaka, wannan kwat ɗin tun zamanin Nasara kake sa ta?"

"A nan Mushe ake ce mini."

"Madam mai shirin nan ta ce Kaka ne. Kuma ai kai angona ne. Ango da rowa, ko alewa."

Nakan ɗaure fuska in buga allo, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana dariya cikin mayafi. A can gefen fili kuma, wurin tsohuwar Jiratawa, abin ya fi haka. Yaran sun yi dumu-dumu da yumɓu, ana ta musayar baƙar magana.

"Kai mijin banza, yau ma ba ka kawo mini cefane ba?"

"Mun sake ki, kin tsufa. Ko haƙori babu."

"Da haƙorin uban wa na cinye maka gona? Miƙo ruwan nan, mai kai kamar tulun da ya ƙi gasuwa."

A lokacin, wannan a idona zubar da girma ne. Na taɓa gaya wa tsohuwar haka a fakaice muna jiran a kawo kunu. Ta dube ni tana goge hannu a zanenta ta ce, "Malam na boko, saki fuska. Yaran nan ba sufeto ba ne, ba su zo duba aikinka ba."

Na kawar da kai. Ban ga dalilin da zai sa in yi jayayya da wadda ba ta san bambancin baƙi da wasali ba. Haka na ɗauke ta a lokacin, kuma na rubuta shi a nan yadda yake.

Ana nan sai ɗalibata ta dā ta zo da labarin cewa manyan shirin za su zo daga Yamai, tare da wata Baturiya daga wurin masu ba da taimakon. Ta roƙe ni, cikin ladabi ƙwarai, in sa babbar riga a ranar, in zauna bisa tabarma, in ɓoye allunan, in ba yara wani labari na Gobir tun da ni mutumin Tibiri ne. Na ce mata ban yi shekarun da na yi a lakwal normal ta horon malamai don in zama kayan ado a hoton wani ba. Na sa kwat ɗina, na sa aka ɗauko mini kujera, na jera alluna. Ina da shiri nawa. Zan tsayar da yarinyar nan a gaban baƙin ta karanta shafi guda, sa'an nan in ce masu: ga abin da wata uku suka yi, ku sa karatu a cikin takardarku. Mako biyu muka yi muna bitar shafin, har ta iya tsayawa inda aya take.

Baƙin suka iso da hantsi cikin farar mota. Suka fara da maƙeri, suka wuce wurin tukwane, inda Baturiyar ta tsuguna ta sa hannu a yumɓu ana ta dariya. Kafin su iso wurina rana ta ɗaga, gumi ya sauko mini. Na cire tabarau na ajiye bisa gwiwa don in share fuska. Kafin in sauke hankici, babu su.

Ba tare da tabarau ba, abin da ya wuce tsawon hannuna inuwa ne kawai. Amma na ga isasshe. Yarinyar ta ɗora su bisa hancinta, ta maida hannuwa baya, ta ɗaga haɓa, tana takawa a gaban yara da irin tafiyata, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. Ta tsaya, ta yi gyaran murya irin nawa, ta ce da Faransanci a yi shiru, da muryata sak. Yara suka kwashe da dariya. Baƙin suka yi dariya. Na ji muryar ɗalibata ta dā a ciki. Na ji ƙarar na'urar ɗaukar hoto sau biyu, sau uku.

Na miƙa hannu na ce, "Kawo."

Ta ja da baya ta ce, "Sai ka fanshe su. Tun da ka aure ni mi ka taɓa saya mini? Yau sai alewa, ko ka koma gida da lalube."

Na miƙe tsaye. Na ba ta umarnin da na saba bayarwa a wannan fili shekara da shekaru, da harshen da na saba bayar da shi: ta durƙusa. Ta ɗauka cikin wasan ne. Ta zube a gabana tana wani langaɓe kai kamar amarya, aka ƙara dariya. Na nuna mata tsakuwar da ke wajen inuwa, na ce can, gwiwa bisa tsakuwa, hannuwa a miƙe. Na maimaita da Hausa don kada ta ce ba ta ji ba. Sai ta dube ni. Ban ga fuskarta sosai ba, kuma na daɗe ina gode wa Allah da ban gani ba. Ta tafi ta durƙusa a rana, da tabarau ɗina a fuskarta, ta miƙe hannuwa.

Na juya ga sauran yaran na ce a ɗauki alluna. Ba wanda ya motsa. Na ji maƙerin Tibiri ya ajiye gudumarsa.

Tsohuwar Jiratawa ce ta taso. Ta ratsa ta tsakiyar baƙin, ta ɗaga yarinyar, ta kakkaɓe mata gwiwa, ta cire tabarau ɗin ta goge da bakin zanenta, ta zo ta sa mini a hannu.

Ta ce, "Ga idanunka, Malam. Sa ka duba wadda ka durƙusar."

Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kakanta na wajen uwa ya rasu kafin damina. Shi take ɗauke wa hula ya bi ta yana roƙo. Duk filin nan kai ta zaɓa."

Ba a karanta shafin ba. Baƙin suka yi sallama a gurguje suka shiga mota.

Dole in faɗi wani abu game da kaina a nan, ba don neman uzuri ba. Ni Bahaushe ne, Bagobiri, kuma na san akwai wasa tsakanin kaka da jika kamar yadda kowa ya sani. Na san jika mace matar kakanta ce a wasa, na san tana da ikon ta ƙwace masa abu ta ce sai ya fansa, na san abin kunya ne kaka ya yi fushi. Da an ce in rubuta bayani a kan wannan al'ada da Faransanci, da na cika shafi uku ba kuskure. Amma ina da shekara bakwai dogarai suka zo gidanmu a Tibiri suka ɗauke ni aka kai lakwal, domin an ce kowace unguwa ta ba da yaro. Daga nan sai makarantar kwana, daga ita sai wata. Kakana ya rasu ina can, a takarda aka sanar da ni. Ban taɓa ɗauke masa hula ba. Jikokina na cikina kuwa a Yamai aka haife su, idan an kawo su hutu hannu suke ba ni su gaishe ni da Faransanci, su koma gefe su zauna. Ban taɓa ganin laifin haka ba, har yabon tarbiyyarsu nake yi. Ranar da wata yarinya ta ba ni abin da ake ba kaka, ban gane shi ba, na ɗauka raini ne.

Amma ba ni kaɗai zan ɗauki wannan kaya ba. Waɗanda suka zauna a ofis suka rubuta cewa a ce da mu Kaka, sun ɗauki kalmar ne don tana da daɗi a takarda. Ba wanda ya tambaye mu ko mun iya zama kakanni. Sun ɗauka duk mai furfura ya iya, kamar yadda suka ɗauka duk mai furfura yana da tatsuniya a baki. Makarantar da ta raba ni da kakana, daga ƙasarsu aka kawo ta. Bayan shekara sittin jikokinsu suka dawo da mota suna neman in zauna bisa tabarma in zama abin da aka cire mini.

Zama na gaba yara huɗu suka zo wurina. Na bayansa biyu. Yarinyar ba ta zo ba, ko wurin tukwane ba ta je ba. A ƙarshen mako ɗalibata ta zo gida. Ta durƙusa a zaure kamar farko, ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi ƙafata, ta tambayi mutanen Yamai.

Sa'an nan ta ce, "Mushe dirakta, manya sun ce a ba ku hutu. Sun ce rana tana yi maku yawa."

Na ce, "Ɗiyata, ni na koya maki rubuta takardar sallama. Faɗi abin da aka ce."

Ta sunkuyar da kai. "Sun ce a shirin nan ba a horon yara."

"Karatun fa?"

"Sun ce dama ba ya cikin takarda."

Ta bar mini wata 'yar mujalla da suka buga a kan shirin, wai in gani. A bangonta hoton yarinyar ne, da tabarau ɗina bisa hanci, hannuwa a baya, tana dariya da giɓinta. A gefe ana ganin hannun kwat ɗina da rabin kujera. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci cewa ga farin cikin da ke tsakanin kakanni da jikoki. An ɗauki hoton ne kafin abin da ya biyo baya da ɗan ƙiftawar ido, kuma shi suka aika Turai.

Ya kamata in tafi Sabon Gari washegarin ranar da abin ya faru. Na san haka a lokacin ma. Amma ban taɓa zuwa gidan ɗalibi ba sai don in kai ƙararsa, kuma na yi ta gaya wa kaina cewa yaro ne yake zuwa wurin babba. Sai da na yi kusan wata guda kafin na sa allo da alli a jaka, na tsaya a kanti na sayi alewa, na tafi. Uwar ta karɓe ni da girmamawa har ta ba ni kunya. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta ce ai ita ce ya kamata ta zo ba da haƙuri, yarinyar ba ta da kunya, kakanta ne ya ɓata ta. Ta ƙwala mata kira.

Ta fito ta durƙusa nesa da ni, idonta a ƙasa. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ba abin da za a gyara a ciki. Na miƙa mata alewar na ce ga fansar da ta nema. Ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode, ta ajiye a gefen uwarta. Na ce ko za ta riƙa zuwa gidana da hantsi mu ci gaba daga inda muka tsaya. Ta dubi uwarta. Uwar ce ta amsa.

"Ai Mushe, karatun da ta samu ya isa, Allah ya saka. Yanzu ta koma tallan safe. Abubuwa sun yi tsada tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ba ni iya rasa ta."

Na bar allon a can. Ban san abin da aka yi da shi ba.

Shirin ya ci gaba ba ni har zuwa lokacin da sojoji suka karɓi mulki, masu ba da taimako suka janye, farar motar ta daina zuwa. Tsohuwar Jiratawa, an ce mini, yara sun ci gaba da bin ta har gida, kuma biyu daga cikinsu da tukwane suke ci har yau. Da aka buɗe makarantu na je wurin sabon dirakta na yi maganar yarinyar. Ya ce in kawo ta. Na aika sau biyu, ba a kawo ta ba. Wata uku na karatu, idan ba a bi su da komai ba, ba sa zama a kai. Wannan ma na sani daga aikina.

Shekaru da yawa bayan haka, ina zaune a ƙofar gida da la'asar, wata mata ta tsaya da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni. Giɓin ya cike tuntuni, amma na gane ta. Daga asibiti take, yaron yana zazzaɓi, an ba ta magani iri biyu da takarda, kuma mai ba da maganin ya yi mata bayani da sauri ba ta riƙe ba. An ce mata tsohon dirakta yana karanta wa mutane takarda.

Na karɓa. Rubutun likita ne, amma sunan yaron da ke sama an yi shi da manyan baƙaƙe, irin waɗanda take karantawa a jikin mota tana da shekara tara. Na nuna mata da yatsa na ce, "Wannan fa, kin gane shi?"

Ta duba, ta ɗan daɗe, ta ce, "Na farkon kamar na san shi, Mushe. Sauran sun tahi."

Na karanta mata. Na ruwan cokali ɗaya ne sau uku a rana, ƙwayar kuma rabi da safe. Ta maimaita, ta sake tambaya wanne ne sau uku. Na ɗauki alƙalami na ja layi uku a jikin kwalin maganin ruwan, na ja ɗaya a jikin na ƙwayar, kamar yadda ake yi wa waɗanda ba su yi karatu ba. Ta yi godiya, ta gyara goyonta, ta tari kabu-kabu.